Yadda na gyara lambobin rasidi da ke maimaituwa

Rannan na tarar da rasidi biyu ɗauke da lamba ɗaya a rumbun bayananmu na PostgreSQL. Da ma abin da nake yi shi ne in ɗauko lamba mafi girma da MAX, in ƙara ɗaya. Idan mutum biyu suka ajiye bayani lokaci guda, lamba ɗaya suke samu.

Na koma ga SEQUENCE, wato ma'ƙirgin PostgreSQL mai ba da lambobi bi da bi, maimaici ya tsaya. Sai dai nextval, umarnin da ke ɗauko lamba ta gaba daga SEQUENCE, ba ya karɓar lambar da ya riga ya bayar, ko da an yi ROLLBACK, wato an soke aikin. Sai ka ga 41, daga nan 43. Masu binciken kuɗi ba sa son giɓi a rasidi, kuma ina ganin gaskiyarsu.

Daga ƙarshe na buɗe ƙaramin tebur mai riƙe da lambar ƙarshe. Ina ƙara ta da UPDATE (umarnin sauya bayani) tare da RETURNING (mai dawo mini da sabuwar lambar), a cikin aiki ɗaya da shigar da rasidin. Layin da ke riƙe da lambar na kulle har a kammala, mutum na biyu dole ya jira. In aikin ya rushe, lambar ta koma yadda take. Sauri ya ɗan ragu, na amince da hakan. Na kuma ɗora UNIQUE, ƙa'idar da ke hana maimaici, a kan lambar rasidin.