In kana son sanin Gizo, bi ta wajen Ƙoƙi

Tun ina 'yar shekara biyar nake tare da Gizo. A bakin kakata na fara jin sa, a tsakar gida bayan sallar isha, muna kwance a tabarma tana kore mana sauro da mafici. Yanzu ni ce mai maficin, 'ya'yana da na ƙannena ne a tabarmar. Sai dai yaran yanzu ba sa yarda a rufe da ƙurunƙus a tashi. Tsare ni suke yi: "Goggo, wai Gizo mugu ne ko wayo gare shi? Me ya hana Ƙoƙi yin yaji?" Tambayoyinsu ne suka tilasta mini samun hanyar da nake bi in gane halin mutanen cikin tatsuniya, kuma ita zan ba ka.

Ka fara da baki. Kada ka karanta tatsuniya a zuci kamar takardar asibiti. Ka ce "Ga ta nan, ga ta nanku," ka jira a ce "Ta zo mu ji ta," sannan ka ba kowa muryarsa. Gizo tsamin baki ne da shi. Yadda kakata take yi, duk inda "r" take sai ta koma "y". To ka saurari abin da yake faruwa in ya faɗi gaban sarki zai yi gaisuwa: "Ranka ya daɗe" ta zama "Yanka ya daɗe." Muna yara dariya kawai muke yi. Sai da na girma ina faɗa da bakina na ji cewa addu'ar tsawon rai ce ta rikiɗe ta koma batun wuƙa, kuma duk fada babu wanda ya kula, don mai maganar kamar yaro yake magana. Rabin makamin Gizo ke nan. Manya suna jin muryarsa sai su saki jiki. Wanda ya karanta shiru ba zai taɓa kama wannan ba.

Daga nan kada ka yanke wa kowa hukunci da tatsuniya ɗaya. Ina da wani tsohon littafin rubutu na ɗana mai shafi arba'in, ciki nake ajiye kowace tatsuniya da amsar tambaya uku: me yake nema, bayan wa ya hau ya samu, wa kuma ya kwana a ciki.

Gwada da labarin hankaki. Gizo ya ga hankaki suna kawo ɓaure daga wata bishiya da ke tsakiyar ruwa, ya yi ta naci har kowane ya cire masa gashi ɗaya aka lilliƙa masa, ya tashi sama tare da su. Da aka sauka a kan ɓauren, duk wanda hankaka ya kai baki sai Gizo ya ce ai shi ya riga gani. Suka fusata, kowa ya zare gashinsa, suka bar shi a reshe. Ya faɗa ruwa, ya tarar da kada, nan take ya ƙirƙiro dangantaka ya fashe da kukan zumunci, aka sauke shi a ɗakin ƙwai, ya bi dare yana gasawa yana ci. Abin da yake nema ciki ne. Waɗanda ya hau bayansu kuwa duk masu yi masa alheri ne. Sai ka ɗauko labarin da ya ba giwa bakin igiya ɗaya, ya ba dorina ɗayan, kowacce tana zaton da Gizo take ja. A nan ɗan mitsitsi ne ya wasa ƙattai biyu, yara har tafi suke yi. Ka ajiye waɗannan biyu kusa da juna, ka ga ko kalma ɗaya za ta ishe ka ka kira shi.

A nan ne na taɓa yin kuskuren da har yau ake tsokanata da shi a gida. Wani dare na gyara zama na yi wa yara bayani mai tsawo cewa Gizo shi ne talaka, wayonsa kuma shi ne abin da mara ƙarfi yake kare kansa da shi daga masu mulki. Ina jin daɗin kaina ƙwarai. Sai babban ɗan ƙanwata, ɗan aji shida, ya ce, "Goggo, to tsohuwa mai sa fa? Ita sarauniya ce?" Na yi shiru. Gaskiyarsa. A labarin Takitse, Gizo ne ya je ɗibar wuta gidan tsohuwa ya ga ƙaton santa, ya zarce fada: "Sarki, sarki, kunnenka nawa?" "Biyu." "Ƙara biyu ka sha labari." Ya tona asirin matar da ba ta da kowa, aka ƙwace san aka yanka, don dai shi ma ya lashi romo. Wannan ɗan kanzagin fada ne, mai kai gulma. Tun daga ranar na kafa wa kaina doka: in na ce wane alama ce ta kaza, sai na nemo tatsuniyar da za ta ƙaryata ni. In na rasa, to maganar ta tsaya.

Alamar da ta fi tsayawa ita ce wadda take cikin abin da kansa, ba ka ɗora ta da hannunka ba. Dubi Takitse. Tsohuwa ta roƙi a bar mata kitsen santa, ta rufe a ɗaki, ya zama budurwa kyakkyawa. Sarki ya aure ta da sharaɗin kada ta kusanci wuta. Ya yi tafiya, kishiyoyi suka ce ba za su yi ta girki wata tana zaune ba, suka tura ta gindin murhu, ta narke. Ba sai ka yi dogon tafsiri ba. Kitse da wuta kowa ya san ƙarshensu, kuma duk macen da ta yi zaman gidan yawa ta san cewa a madafa ake auna amarya. Nakan tambayi 'yan matan cikin yaran: kishiyoyin suna da hujja ko babu? Nan fa gardama take kaurewa, don wadda ta saba wanke-wanke ita kaɗai tana jin haushin Takitse kaɗan, ko da ba ta faɗa ba.

Yanzu ga inda na fi daɗewa. Hausawa sun ce tatsuniyar Gizo ba ta wuce Ƙoƙi, muna faɗin haka ga wanda kullum zancensa ɗaya. Ni kuwa na ɗauki karin maganar a matsayin jagora. Duk yawon da Gizo zai yi, gida yake komowa, kuma wadda take gidan ita ta san shi ba tare da ado ba. Don haka a kowace tatsuniya nakan tsaya in tambaya: ina Ƙoƙi take a wannan lokacin, me ta sani, me ta ce, me ta haɗiye? Maganarta kaɗan ce. Ita ake aika ta ɗebo wuta, ita take dafa abin da aka sato, ita ake ce wa ta yi kuka in Gizo ya yi mutuwar ƙarya. Da ina yi mata kallon baiwar Allah mai haƙuri, musamman da na lura da ƙwaron ƙoƙi-ƙoƙi a jikin zana, hannaye biyu a haɗe kamar mai roƙo. Amma ka zuba wa ƙwaron ido na minti biyar, za ka ga da waɗannan hannayen yake cafke fara. Ƙoƙin kakata haka take. Takan ce "Gizo, ka ji tsoron Allah," sannan ta ɗora tukunya. Ba ta taɓa mayar da naman ba. A ganina zamansu ya ɗore ne don kowa yana rufa wa ɗan'uwansa asiri, kuma na fi son ta a haka fiye da in mai da ita waliyyiya.

Sauran dabbobin ma da awo ake gane su. Kura kwaɗayinta ɗaya da na Gizo, dabarar ce babu, shi ya sa kullum ita ke shan sanda. Dila malamin daji yakan fito da wayonsa ne in an kawo masa shari'a ko ya shiga tarko. Gizo shi ke haƙa ramin tukuna.

Ka kuma kula da bakin da labarin ya fito. Tarin tatsuniyoyin da Baturen mulki Frank Edgar ya buga cikin juzu'i uku tsakanin 1911 da 1913, malamai maza ne suka rubuta masa da ajami, alhali a gida tsofaffin mata ne masu tatsuniya. Saboda haka in ka samu Ƙoƙi a takarda ba ta da bakin magana, nemi wata tsohuwa a unguwarku ta ba ka tata. Wata maƙwabciyata da ta tashi a zangon Kumasi takan ce ai Gizo shi ne Ananse na mutanen Asante. Sun yi kama, gizo-gizo ne duka kuma mayaudara, amma ban yarda in cike giɓin ɗaya da labarin ɗaya ba.

Zaman kansa ba ya son taro. Yara biyar zuwa bakwai sun isa, tatsuniya ɗaya a dare, waya a ɗaki. Ka rufe yadda aka saba: "Ƙurunƙus kan ɗan ɓera, ba don Gizo ba da na yi ƙarya." Ka lura, mai ba da labarin ma bayan Gizo take ɓuya. Sannan ka jefa tambaya ɗaya ka kama bakinka. Daren jiya autarmu ce ta riga ni. Ta ce ita ba Takitse ce ta dame ta ba, so take ta san ko an biya tsohuwa kuɗin santa. Na ce ban taɓa jin an biya ba. Ta ce to ranar Juma'a in za mu gidan Hajiya Babba ita za ta tambaya da kanta.