Yadda ake ƙiyasta darajar gine-ginen gwamnati kafin a shigar da su asusu

Tun 2016 da Najeriya ta ɗauki cikakken tsarin lissafi na IPSAS, wato ƙa'idojin duniya na lissafin kuɗin gwamnati, bayanin kuɗin shiga da na fita kaɗai bai wadatar ba. Dole gwamnati ta faɗi abin da ta mallaka, da darajarsa a naira.

Matakin farko shi ne rajistar kadarori, kuma nan ne aikin yake cin rai. A je a ga ginin ido da ido, a auna shi, a ɗau hoto, a ba shi lamba. A rubuta shekarar gini da halin da yake ciki: kwano na yoyo ne, bango ya tsage ne, ko silin ya rufta. Kada a wakilta wannan ga fayil, don fayil zai nuna maka gidan ma'aikata lafiya lau, alhali awaki ne ke kwana ciki.

Daga nan a tabbatar da mai shi. A nemo takardar shaidar mallaka ko takardar miƙa gini. Makarantar da jiha ta gina amma ƙaramar hukuma ke tafiyar da ita, idan ba a yi hattara ba, sai ta shiga littafi biyu, ko ta rasa shiga ko ɗaya.

Sai a raba fili da gini. Fili ba ya tsufa, don haka ba a zabge masa daraja duk shekara.

Idan takardun kwangila na nan, a fara da kuɗin da aka kashe. In sun ɓace, a kira ƙwararren mai ƙiyasi da ke da rajistar ESVARBON, hukumar da ke yi wa masu ƙiyasta darajar filaye da gine-gine rajista a Najeriya. Gidan zama ko ofis, zai kwatanta shi da irinsa da aka sayar a unguwar. Asibiti ko kurkuku kuwa ba su da kasuwa, sai ya lissafa abin da za a kashe a sake gina irinsu yau, ya cire tsufa. Misali, azuzuwan da sabon gininsu zai ci naira miliyan 100, an ƙiyasta musu shekara 50, sun ci 20: saura miliyan 60, kafin a cire kuɗin gyaran ɓarna.

Akanta zai shigar da adadin, in ba a cire kuɗin ɓarna ba, ya riƙa zabge miliyan 2 duk shekara, wato miliyan 60 a raba kan shekara 30 da suka rage. A adana rahoton mai ƙiyasi da hotunan wuri guda, don su ne Odita Janar zai fara nema.