Yadda nake zaɓen kamazuru in doguwar tafiya ta kama ni

Yawancin matasan da ke hawa yanzu in sun ce linzami, komai suke haɗawa: ƙarfen da ke bakin doki, da fatar da ta zagaye kansa, da igiyar da ke hannun mahayi. Tsofaffin barga sun raba su. Ƙarfen shi ne linzami, abin da ka riƙe a hannu kamazuru ne, ragama kuwa ta jan doki ce da ɗaure shi a turke. A kan kamazuru zan yi magana, domin shi ne hannunka zai wuni a kansa, kuma shi ne mutane suka fi saye da ka.

A Marwa ta ƙasar Kamaru nake zaune. In kaka ta yi aka fara dashen masakwa a karal, wato ƙasar laka mai riƙe ruwa, nakan hau akawalina zuwa gonarmu ta wajen Mindif, tafiyar kilomita kamar 25, wani lokaci kuma ranar Alhamis in bi abokai zuwa kasuwar shanu ta Bogo. Shekarar da na fara wannan zirga-zirga, da kamazurun hawan Sallah na tafi, mai ulu ja da kore da tuntaye, wanda nake alfahari da shi a ƙofar Lamiɗo. Muna isa wani rafi da ya rage ɗan ruwa a kwance, dokin ya sunkuya zai sha. Kamazurun gajere ne, ya fizge ni har cikina ya daki gaban sirdi, shi kuma ƙarfen ya buge shi a baki, ya ɗaga kai ya fasa shan. Haka muka ƙarasa da ƙishirwa, hannuna duk ya yi jan rini saboda gumi. Da na kai wa wani tsohon baduku a kasuwa, ya juya shi a hannu ya ce, "Ɗana, wannan ai na ƙofar fada ne, sukuwa uku a sauka." Na ce, "To Baba, wane iri zan nema?" Sai ya ce in je in zo da dokin tukuna.

Abin da ya nuna mini ranar shi nake yi har yau, kuma da shi za ka fara: awon tsawo a jikin dokin da kansa. Ɗaura sirdi, ka hau, ka sa a ƙulla igiya kowace iri ce a zoben linzami na dama, ta zagayo ta hannunka zuwa na hagu. Sai a zuba ɗan dusa a ƙasa. Bari dokin ya kai bakinsa har ƙasa kana zaune daram, bayanka a miƙe, hannunka bai wuce gaban sirdi ba. Inda igiyar ta isa, ƙara taƙi ɗaya, ka yanke. Wannan shi ne ma'auninka da za ka kai wa baduku. Ga dawakinmu masu dogon wuya yakan kama kamu biyar da rabi zuwa shida, wato kusan mita 3. Ƙananan dawakin ƙabilar Musai na bakin kogin Logon ba su buƙatar haka, in ka ba su mai tsawo sai ya riƙa lilo har ƙafar gaba ta iya shiga ciki, wannan kuwa haɗari ne babba.

Dalilin da ya sa na matsa a kan tsawo shi ne irin linzamin da muka gada. Na maƙeranmu yana da harshen ƙarfe da ke tashi ya taɓa ganɗar doki, ga zobe da ya zagaye haɓa. An yi shi ne don zamiya, doki na cikin gudu a tsayar da shi cak. Ɗan jan da kai ba ka ɗauke shi komai ba, a bakin doki ya ninka. In kamazuru ya gaza, to sa'a biyar ɗin da za ku yi a hanya kana jan bakinsa ne ba ka sani ba. Za ka ga yana wurga kai, yana buɗe baki, wata rana ma kumfar ta fito da jini. Raina yana ɓaci in na ga an zane doki da bulala a kan wannan, alhali laifin yana hannun mahayi. A doguwar hanya kamazuru sakwa-sakwa ake riƙe shi a hannun hagu, in za ka juya ka jingina shi a wuyan dokin, ka taimaka da ƙafa. Don haka kuma ake son mai ɗan nauyi, wanda zai rataya shiru. Marar nauyi iska da sassarfa suna kaɗa shi, ƙarfen ya yi ta motsi a baki ba dalili.

Ni fata nake zaɓa, kuma ƙirgin shanu, wanda aka jeme da bagaruwa. Jar fatar akuya da Marwa ta yi suna da ita tana da kyau a jaka da takalmi da adon sirdi, amma ita kaɗai ba ta da ƙarfin wannan aiki, sai dai a naɗe ta a kan wani abu. In ka ɗauki fatar, lanƙwasa ta biyu ka duba bayan. Ka ga tsattsage ƙanana, ajiye ta, ta bushe tun a wurin jima. Ja ta da ƙarfi tsakanin hannu biyu, in ta miƙe kamar roba daga gefen ciki aka yanko ta, ce a ba ka ta gadon baya. Sannan ka jiƙa yatsa da yawu ka murza, ka ga ko rinin zai bi ka. Mai kitso ta fi riƙuwa in tafi ya yi gumi, a zafin Maris da Afrilu kuwa da ake haura digiri 40 dole ya yi, sai dai kitson ya zama lafiyayye, ba kan zare ko bakin fata da ya tsaya zai ci maka yatsa.

Igiyar leda shuɗiya da ake sayarwa a kowane shago, ita ce nake roƙon kowa ya rabu da ita. Tana da araha, ruwa ba ya cin ta, shi ke nan amfaninta. Ran da doki ya firgita da mashin ya zabura, za ta zare ta cikin tafinka ta ƙona shi kamar wuta. Kuma ba ta tsinkewa. In ka faɗi dokin ya taka ta, fata za ta yanke ya tsira, leda kuwa sai dai bakinsa ya yage. Wanda bai da halin fata ya nemi igiyar auduga mai kaurin ƙaramin yatsa. Tana da taushi, ana wanke ta, illa dai tana shan ruwa ta yi nauyi da damina, ƙarangiya kuma tana maƙale mata, sai ka zauna kana tsincewa.

Faɗi kuwa hannunka ne zai faɗa maka. Riƙe shi ka dunƙule: in yatsunka sun rufe ba tare da ka matse ba, ya yi. Ga hannuna santimita 2 ya isa, ɗana mai shekara 12 sai da aka rage masa. Wanda ya cika siriri yana sa ka damƙe da ƙarfi, kafin azahar yatsu su ƙage.

Wurin haɗa shi da linzami, ka guji ƙugiyar ƙarfe mai maɓalli da ake cirowa daga jakunkuna. Tana ƙara a kan zobe, yashi yana shiga ya kashe maɓallin, ta buɗe a inda ba ka so. Sa baduku ya naɗe bakin fatar a zoben ya ɗaure da siririyar tsirkiyar fata, ka riƙe guda biyu a aljihu, in ta tsinke a daji ka sake da kanka. Na fi son kamazuru haɗaɗɗe, wanda in ya kuɓuce maka zai tsaya a wuyan doki, amma cikin sarƙaƙiyar farar ƙaya ka tattara rarar a hannu kada reshe ya kama. Kada ka taɓa naɗe shi a wuyan hannunka. Kuma ka bar ragama a ƙarƙashin linzami, igiyarta a ɗaure jikin sirdi, domin in kun tsaya salla ko cin abinci da ita za ka ɗaure, ba da kamazuru ba.

In kun dawo, goge gumin da tsumma mai ɗan danshi, ka bar shi ya sha iska a inuwa. Da hunturu fata takan bushe ƙamas, don haka duk mako biyu nakan shafa masa man kaɗe kaɗan, in murza har ya shige, in ya yi yawa santsi zai yi. Baƙin man inji kuwa ɓata fata yake. Rataye shi a ƙusa nesa da bango da ƙasa, saboda gara, da ɓeraye masu bin gishirin gumi. Kafin kowace tafiya ina lanƙwasa wurin da fatar ta naɗe zoben linzami in duba cikinsa, can ne take fara cinyewa, ta waje kuwa ba a gani.