Yadda za ka daɗe kana waƙar kantiri a yankinka ko da Nashville ba ta san da zamanka ba

Duk wanda ya ɗauki jita a Amurka da niyyar yin waƙar kantiri, wato kiɗan mutanen karkarar can, to birnin Nashville yake hange, can manyan kamfanonin faifai suke, can Grand Ole Opry take, wato shahararren shirin waƙar kantiri da aka fara tun 1925 a gidan rediyon WSM. Amma ni gaskiya waɗanda suka fi shiga raina a harkar nan su ne irin mawaƙan da za ka ji mutum ya shekara arba'in ko hamsin yana waƙa, jihohi uku ko huɗu sun san shi kamar yunwar cikinsu, amma da ka tsallaka gaba ka ambaci sunansa sai a ce maka waye kuma haka. Wannan ma sana'a ce mai zaman kanta kuma tana da hanyarta, ga yadda ake bin ta.

Abu na farko ka zaɓi yankinka ka zauna masa. Ka ɗauki taswira ka zana iyakar inda motarka za ta iya kaiwa ta dawo a kwana ɗaya ko biyu, nan ne gonarka, nan za ka yi ta zagayawa har mutane su haddace fuskarka. Misalin da nake yawan kawowa shi ne Doc Williams na garin Wheeling a jihar West Virginia. A 1937 ya shiga shirin Jamboree na gidan rediyon WWVA da ƙungiyarsa Border Riders, kuma bayan 'yan shekaru tashar ta kai ƙarfin wat 50,000, da dare muryarta na kaiwa har arewa maso gabashin Amurka da gabashin Kanada. To sai ya bi muryarsa, duk inda rediyon ke kaiwa nan yake zuwa ya yi wasa, shi da matarsa Chickie da suke waƙa tare. Bai zama tauraron da duk Amurka ke rububi ba amma ya yi shekaru sama da sittin yana abu ɗaya, ya rasu a 2011 yana da shekara 96. Yau ba lallai ka samu tasha irin waccan ba, amma ƙananan gidajen rediyon gari suna nan, ka je da ƙafarka ka gaisa da mai gabatar da shirin safe, ka kai masa waƙarka hannu da hannu, sannan Facebook ɗinka ya zama wurin da kowa zai ga ina za ka kasance ranar Juma'a da Asabar.

Na biyu, kuma nan ne da yawa suke faɗuwa, ka koyi yi wa masu rawa kiɗa. Mawaƙin yanki a ɗakunan rawa da mashaya da bikin aure da bajekolin ƙananan hukumomi yake cin abinci, ba a babban filin wasa ba. A Teksas akwai Gruene Hall da aka gina tun 1878 har yau ana rawa a ciki, nan shahararren mawaƙin kantiri George Strait ya yi ta wasa kafin duniya ta san shi, akwai Broken Spoke a Austin tun 1964. Mutanen da ke shiga irin wuraren nan sun zo ne su kama hannun matansu su zagaya fili, ba su zo su zauna su yi shiru suna sauraren sabuwar waƙarka mai baiti bakwai ba. A dare ɗaya za ka iya yin zango uku ko huɗu, kowane kusan minti 45 da ɗan hutu a tsakani, ka ga kenan sai kana da waƙa hamsin zuwa sittin a ka, tsofaffin da kowa ya sani da naka na kanka. Ka riƙa kallon ƙafafun mutane, in ka ga fili ya fara watsewa to ka san gudun kiɗan bai yi musu ba, ka sauya nan take, mai sauri biyu sai mai sanyi ɗaya, haka. Waƙarka ta kanka kuma ka saka ta tsakanin sanannu guda biyu lokacin da fili ya cika, a hankali za ka ji sun fara roƙonta da sunanta.

Maganar kuɗi kuma kar ka ji kunyarta. Kafin ka loda kaya a mota ka san ko tsayayyen kuɗi za a ba ka ko kuɗin ƙofa za a raba, kuma a rubuta, ko da saƙon waya ne. Faifanka ya zama naka. Doc Williams tun 1947 ya buɗe kamfaninsa Wheeling Records, har littafin koyon jita ya riƙa tallatawa a rediyo ana aiko kuɗi ta gidan waya, wato bai tsaya jiran wani babban kamfani ya zo ya ɗauke shi ba. Kai ma ka kafa ɗan teburinka kusa da ƙofa, faifan CD da riguna da huluna, kuma da an tafi hutu kar ka gudu bayan dandamali, ka je ka tsaya a wurin da kanka, ka sa hannu a faifai, ka tambayi dattijon nan ya ƙafar matarsa da ya ce maka tana ciwo wancan zuwan, wallahi irin wannan ne yake dawo da mutum shekara ashirin a jere har ya zo da jikokinsa. In kana rubuta waƙa ka yi rajista da BMI ko ASCAP, su ne ke karɓar wa marubuta haƙƙinsu, kuma dukansu suna da tsarin da za ka shigar da jerin waƙoƙin da ka yi a wasa a biya ka. Ka ajiye rasit da lissafin mil ɗin da ka yi a hanya saboda haraji, don a wurin hukumar harajin Amurka, IRS, kai mai aikin kansa ne.

Makaɗanka ka riƙe su da mutunci. Ka biya su a daren ko da kai ne za ka koma gida da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Mai goge da mai jitar ƙarfe ta kwance masu kyau ba su da yawa, in ka samu kar ka yi wasa da su. Ka kuma rubuta waƙoƙinka da tsarin lambobin Nashville, inda ake sa 1, 4, 5 a maimakon sunan sautin, ranar da wani bai samu zuwa ba baƙon makaɗi zai duba takarda ya bi ku ba tare da an yi gwaji ba.

Waɗannan lambobin za su sake yi maka rana in girma ya zo, don muryar ɗan shekara 30 ba ita ce ta ɗan 65 ba, sama za ta fara gagararka. Kar ka yi ta kokawa da ita kana kurma ihu, ka sauke waƙar ƙasa kaɗan, lambobin ba sa canzawa, makaɗa za su bi. Ka sa abin toshe kunne tun kana matashi, ƙarar ganga da lasifika na cin kunne a hankali kuma abin da ya tafi baya dawowa. Sai giya, a mashaya kullum akwai mai son ya saya maka don ya nuna jin daɗinsa, kuma ga tuƙin sa'a uku yana jiranka da ƙarfe biyun dare, giya ta kashe sana'ar mutane da yawa a wannan layi, ka koyi cewa na gode ruwa ya ishe ni. Inshorar lafiya ma matsala ce babba ga mawaƙa a Amurka tunda ba wani kamfani ke ɗauke da su ba, a Austin akwai ƙungiyar HAAM da ke taimaka wa makaɗan garin, akwai kuma MusiCares ga na ko'ina, ka san su tun kana lafiya. Kuma in kana da aikin rana kar ka yi saurin ajiye shi, da yawa daga cikin waɗanda suka daɗe haka suka haɗa biyun.

Lokacin sanyi wasa yana raguwa, to a nan ake cika kalandar baɗi. Kwamitocin bajekolin bazara tun watanni kafin lokaci suke ɗaukar mawaƙa, don haka Janairu ka zauna da littafinka ka bi su ɗaya bayan ɗaya da waya, ka fara da wuraren da ka yi wasa bara, ka tambaye su ko su bar maka Asabar ɗin nan da ka saba.