Yadda za ka gano sabbin mawaƙa masu cin gashin kansu kafin bikin waƙa

Tambayar nan ta yi yawa, har na gaji da amsawa ɗaya bayan ɗaya. Ga yadda nake yi:

1. Nemo jerin mawaƙan da bikin ya fitar, misali SXSW da ake yi a Austin ta Amurka a watan Maris, ko The Great Escape na Brighton a Ingila a watan Mayu.

2. Fara karantawa daga ƙasa. A yawancin fastoci taurari ne a sama da manyan haruffa, sabbin jini kuwa suna can ƙasa.

3. Zaɓi sunaye goma da ba ka taɓa ji ba.

4. Nemi kowanne a Bandcamp ko Spotify, shafukan sauraron waƙa a intanet.

Hattara: ƙungiyoyi da dama sunansu ɗaya. Duba ƙasarsu da hotonsu, kada ka kwana kana sauraron wasu daban.

5. Saurari waƙa biyu daga kowace ƙungiya.

6. Kalli wasansu na kai tsaye a YouTube. Tashar rediyon KEXP ta Seattle a Amurka tana da irinsu da yawa. Ni wannan matakin na fi ba wa muhimmanci, domin wani ya iya situdiyo, amma a kan dandamali sai ka ji kamar ba shi ba.

7. Tara waɗanda suka burge ka a jerin waƙoƙi guda.

8. Da jadawali ya fito, rubuta lokaci da wurin wasan kowanne.

Hattara: lokuta kan ci karo. Yanke shawarar wanda za ka bari tun kana gida.