Yadda Ake Zaɓar Ruwan Sha Ga Macijin Kiwo A Zamfara

Yawancin masu fara kiwon maciji a gida, hankalinsu na kan abinci ne: ina za a samo ɓera, yaushe zai ci, me ya sa ya ƙi ci. Ruwa kuwa sai a kamfato daga jarkar da ta fi kusa a zuba masa. Na ga samari a Gusau da suka kashe kuɗi wurin kafinta aka haɗa musu akwati mai gilashi, amma ruwan da ke cikin akwatin babu wanda zai yarda ya ba ɗansa. Maganata a nan kan macizai marasa dafi ce, musamman ƙaramar mesar nan da ke dunƙulewa wuri ɗaya idan ta tsorata. Kububuwa da kumurci da kasa ba abin ajiyewa a ɗaki ba ne, kuma ba zan koya wa kowa hakan ba.

Kafin komai, ka riƙe cewa maciji ba sha kaɗai yake yi da ruwan ba. Yana tsoma baki ya sha, yana shiga ciki ya kwanta, musamman idan saɓa ta gabato, sau da yawa kuma a ciki yake kashi. Don haka duk abin da ke cikin ruwan nan yana shiga cikinsa, yana kuma taɓa fatarsa na sa'o'i.

Matakin farko, kuma shi ne wanda mutane suka fi faɗuwa a kansa: ka bincika daga ina ruwan ya fito. A wata jihar wannan tambaya ba ta da nauyi sosai, amma mu a Zamfara mun san abin da ya faru a 2010. Gubar dalma daga duwatsun zinariya da ake dakawa a cikin gidaje ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, irin su Bagega da Dareta da Abare da 'Yargalma. Ƙurar ta zauna a tsakar gida, ta shiga rijiyoyin da ba su da murfi da kududdufan da ake wanke dutse. Dalma ba ta da wari, ba ta canza launin ruwa, za ka ga ruwa garai-garai alhali tana ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakarta a ruwan sha a miligram 0.01 cikin lita ɗaya, wato ɗan abin da ido ba zai taɓa gani ba.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda kowa ke cewa “ai na tafasa”. Tafasawa na kashe ƙwayoyin cuta, wannan gaskiya ne. Amma ba ta cire dalma. Ruwan ne ke tashi ya zama tururi, dalmar ta zauna a tukunya, sai ma ta ƙara yawa a cikin ragowar. Jefa alif shi ma laka yake kwantarwa, bai isa ka dogara da shi kan guba ba. Saboda haka idan kana zaune kusa da inda ake daka dutse ko wanke zinariya, ko mai kawo maka ruwa daga irin wuraren nan yake ɗibowa, ka manta da rijiyar da kududdufin gaba ɗaya. Kada ka yi wata dabara. Kuma idan ruwan bai dace da maciji ba, ka fara tunanin yaran gidan tun kafin macijin.

Haka nan ruwan fadama. Duk inda ake noman shinkafa, ko a ƙasan madatsar Bakolori da ke kusa da Talata Mafara ko a fadamun Argungu da Birnin Kebbi, ana feshin maganin ciyawa da na ƙwari, ana zuba taki, kuma duk magudanar ruwan suke bi. Wani zai ce ai macizan daji shi suke sha. Na daji yana yawo, yau nan gobe can, ba ka kuma ganin waɗanda suka mutu. Naka yana kulle da kwano ɗaya, abin da ka zuba shi zai sha wata da watanni.

To wane ruwa ke nan? Ni a wurina ruwan gora ko ruwan leda mai lambar NAFDAC shi ne kan gaba, na kamfanin da kai ma kake sha. Kuɗin ba wani abu ba ne: leda ɗaya rabin lita ce, jaka ɗaya leda 20, za ta kai ƙaramar mesa kwanaki masu yawa. Ka dai guji jakar da aka jibge a rana har ruwan ya ɗauki ɗanɗanon roba. Bayan shi sai ruwan burtsatse mai zurfi a unguwar da ba ta da alaƙa da haƙar ma'adinai. Rijiyar gida kuwa, ka duba nisanta da masai. In ta yi nisa kuma tana da murfi, ka tafasa ruwan ya yi minti 1 yana ɓararraka, ka bar shi ya huce.

Ruwan famfo na gwamnati, ranar da ya zo, ba laifi. Kulorin ne a ciki, wato sinadarin da ake sawa don kashe ƙwayoyin cuta, ka tara a bokiti mai tsabta ka bar shi a buɗe sa'a 24, warin zai fita. Wanda ya fara zubowa ja da tsatsar bututu, ka bari ya wuce. Ruwan sama ma haka, na farkon damina da ke wanke kwanon rufi ƙura ce da kashin tsuntsaye da na ƙadangaru, a zubar da shi.

Ruwan batir kada ka kusance shi. Wasu na jin an ce tatacce ne sai su ɗauka ya fi kowane tsabta. Babu ma'adinan da jiki ke buƙata a cikinsa, sannan a shagon masu batir gorarsa na zaune kusa da ta asid, kuskure ɗaya ya isa.

Mataki na biyu shi ne mazubi, kuma a nan ruwa mai kyau ke lalacewa. Jarkokin 'yan ga-ruwa ba ka san tarihinsu ba, wata ta taɓa ɗaukar fetur, wata kalanzir, wata an dama maganin feshi a ciki. Roba na riƙe irin waɗannan ko an wanke. Ka sayi sabuwar jarka ƙarama ka ware ta don macijin kaɗai. Sannan ka lura da ɗakin kansa. Fiya-fiya da sauran magungunan sauro na feshi suna sauka a kan buɗaɗɗen ruwa, su ma kansu suna kashe maciji. Ɗakin da akwatin yake ba a fesa masa komai, igiyar leƙo ma ban yarda da ita ba. A sa raga a taga.

Kwanon sha ya zama tangaran mai nauyi da ba zai kife ba, mai faɗin da macijin zai naɗe a ciki, ruwan kuma kada ya wuce rabin kwanon don kada ya malale ya jiƙa shimfiɗa. Kasko na tsotse ƙazanta, gwangwani na tsatsa, duka biyun a bar su. Ka ajiye kwanon a ɓangaren akwatin da ya fi sanyi. Ruwan firij bai dace ba, ko a zafin Afrilu da ake haura digiri 40, domin maciji ba ya iya ɗumama jikinsa da kansa. Ruwan da ya kwana a ɗaki ya isa.

Canji kuwa kullum ne, in ka ga kashi a ciki nan take. Ka wanke da sabulu ka ɗauraye sosai har santsin nan na gindin kwano ya fita. Dettol da Izal ba sa shiga kwanon maciji. Sau ɗaya a mako ka jiƙa shi a ruwa mai ɗan bilic, ka ɗauraye har wari ya ɓace, ka shanya. Kada a wanke shi inda ake wanke-wanken abinci, kashin maciji na ɗauke da ƙwayar cutar salmonela mai sa mutum gudawa, kai ma ka wanke hannu.

Da hunturu iska na bushewa ƙwarai, ruwan na ƙafewa da wuri, sai ka riƙa leƙawa safe da yamma. Idan fatar ta yi tamoji ko saɓa na fita guntu-guntu, ruwa da laima sun yi masa kaɗan, ka ƙara kwano na biyu. Idan kuma ya kwana biyu bai fita daga ruwan ba, ka duba ko akwai ƙananan baƙaƙen ɗigo-ɗigo a gindin kwanon, ƙwarin fata ne ke cizonsa. Wannan aikin likitan dabbobi ne, in babu wanda ya saba da macizai a kusa da kai, a nemi asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato.