Yadda za ka zaɓi giyar da ta dace da motarka bayan ka ƙara wa inji ƙarfi

Yara da yawa a Aboabo da Asawase a Kumasi sai su kashe kuɗi kan inji, a sa turbo ko a canza kam, wato sandar da ke buɗe bawul ɗin inji, sannan su bar giyabos yadda kamfani ya yi shi, mota ta yi ta ihu amma ba ta tafiya. Ni a ganina kafin ka taka Suame Magazin, kasuwar kayan mota, neman giyabos, ka zauna da biro da takarda tukuna.

Abu na farko ka san inda injinka ke da ƙarfi. Hau titi mai kyau ka sa giya ta uku ka taka, idonka na kan agogon rpm, wato mai nuna juyin inji a minti ɗaya, ka lura daga ina motar ta fara ja da gaske kuma a ina ta fara sanyi. Injin turbo yakan fara ja tun daga ƙasa kuma ya daɗe yana ja, shi ya sa yake son dogayen giyoyi, in ka ba shi gajeriyar giya ta ɗaya tayoyi kawai za su yi ta murzawa a wuri ɗaya. Injin da ba turbo amma an sa masa kam mai zafi, shi sai rpm ya hau sama yake farkawa, wannan yana son giyoyi kusa da juna.

Na biyu ka nemo lambobin giyabos ɗinka, na kowace giya da na fainal daraib, wato haƙoran ƙarshe da ke miƙa ƙarfi ga tayoyi. In babu takarda a ƙirga haƙora, babba mai 41 ƙarami mai 10 ya ba ka 4.1 kenan. Kar ka yarda da "ai irin na motarka ne" daga bakin mai shago, kayan hom yus, wato na hannu da ake shigo da su daga waje, akwai masu kama ɗaya a waje amma cikinsu daban.

To yanzu lissafi, kuma nan ne aikin yake. A ce giya ta ɗaya 3.2 ce ta biyu 1.9, kana canzawa a rpm 7000. Ka ninka 7000 sau 1.9 ka raba da 3.2, zai ba ka wajen 4150, nan allura za ta faɗo in ka shiga ta biyu. In injinka sai 5000 yake farkawa to ka faɗa rami, za ka ji motar ta yi nauyi na ɗan lokaci kafin ta dawo hayyacinta. Da ta biyun 2.3 ce, da ka sauka a wajen 5030, daidai inda ƙarfin yake. Haka za ka bi ta biyu zuwa ta uku, ta uku zuwa ta huɗu, duk inda allura ta faɗi ƙasa da wurin ƙarfi ka sa alama.

Sai fainal daraib, wanda shi mutane suka fi canzawa don ya fi sauƙi a kan sake giyoyi ɗaya bayan ɗaya. Ɗauki taya 205/55 R16, zagayenta kusan mita 1.98 ne. Da fainal 4.1 da giya ta biyu 1.9, a 7000 za ka kai wajen kilomita 107 a awa. Ka sa 4.7, tashi zai yi zafi sosai, amma ta biyu za ta ƙare a wajen 93, sai ka shiga ta uku kafin ka ga 100. Kuma ga inda abin ke cizo, a giya ta biyar mai 0.8 kana tafiyar 100, da 4.1 inji na juyi wajen 2750, da 4.7 wajen 3150. In hanyar Ankara kake yi duk mako, wannan ƙarar da shan man za su ishe ka tun kafin Nkawkaw. In kuma motar ta cikin gari ce da hawan tudu, 4.7 ɗin zai yi maka daɗi.

Girman taya ma giya ne fa, babbar taya tana tsawaita komai, don haka ka tsayar da tayar da za ka yi amfani da ita kafin lissafi.

Ranar ɗaurawa ka gaya wa masta makanike ya sa haƙoran fainal biyun tare, babba da ƙarami, ba a haɗa sabo da tsoho. Mota mai jan gaba sai an buɗe giyabos gaba ɗaya, tunda an buɗe a duba sinkuro, wato zoben da ke sa giya ta shiga ba gurzawa, da bodis lokaci guda, mai jan baya kuwa a bak aksil abin yake. Kuloci ya zama mai iya ɗaukar sabon ƙarfin, man giya kuma irin wanda kamfani ya ce. Bayan an gama ka gwada agogon gudu da GPS na waya, don a wasu motocin yakan fara ƙarya bayan canjin.